Mutumin da Ba Ya Tona Gona Sau Biyu

Alhaji Sammani, kai ka sa aka zubar mini da gyaɗata a ƙasa. Kai ne, ba mai gadinka ba. Shi bawan Allah da ya karɓi ƙwaryar cewa yake yi, "Goggo Tabawa, ki yafe mini, umarni aka ba ni. In na ƙyale ki, aikina ya tafi." Na ce, "Zubar, ɗana, ba da kai nake ba." Ya zubar. Tiya ɗaya da rabi ce, tun hantsi nake tononta da guntuwar fartanya, gwiwoyina a ƙasa.

Bari in yi bayani, don yanzu akwai yaran da ba su san kala ba. In mai gona ya cire gyaɗarsa ya kwashe, akwai wadda ke tsinkewa ta rage a cikin ƙasa. Wannan ragowar ita ce kala, kuma tun kaka da kakanni rabon mata ce, tsofaffi da waɗanda mazansu suka mutu da duk wadda ba ta da gona. Da ita muke soya ƙuli-ƙuli, mu matse mai, mu ci da rani. Alhaji ya saye gonakin gabas kaf, ya ja waya, ya sa ƙofar ƙarfe. Injinsa ya cire gyaɗa ya wuce, ragowar tana can gara na ci, mu kuma muna leƙe ta waya. Ni dai na kasa haƙuri na ratsa ta ƙarƙashinta, nan mai gadi ya same ni.

Na je wurin mai unguwa, ya ce gona ta mai takarda ce. Na je wurin Liman na ce ya yi wa'azi a kai, ya ce zai duba. Juma'a biyu ke nan yana dubawa, a ƙarƙashin fankar da Alhaji ya saka a masallaci. To tunda masu littafi sun yi shiru, ni da ban san bihim ba zan yi wa'azin. Na sa maƙwabciyata ta rubuta yadda na faɗa, na ce kada ta gyara mini ko kalma ɗaya. Ku saurara.

An yi wani mutum a wani gari, can zamanin da ba a san waya ba sai shingen kara, ana ce masa Nomau. Daga bakin kakata na ji. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko sallama aka yi a dandali ba shi ake fara gaisarwa ba. Gona ɗaya gare shi ta gado, da matarsa Ladingo, da 'ya'ya huɗu, da akuya biyu. Shi ke nan dukiyar.

A garin nan akwai ka'ida. Mai gona sau ɗaya yake bin gonarsa da garma. In ya cire ya kwashe, sai ya ɗaura ƙullin harawar gyaɗa a kan kara, ya kafa a bakin gona. Alamar an buɗe kala ke nan. Kuma in ya kafa, tafiya gida yake yi, ba ya tsayawa ya ga wa ta zo wa ba ta zo ba, don kada wata ta ji nauyinsa in sun haɗu a hanya. Kuna ji? Har idonsa yake ɗaukewa. Ba sadaka yake bayarwa ba balle a yi masa godiya. Abin da ƙasa ta riƙe ba nasa ba ne, shi ke nan.

Ana nan, sai wani attajiri ya sauka a garin da raƙuma, sunansa Jatau. Ya buɗe rumfa a kasuwa, gishiri da kanwa da zannuwa da sabulun salo, kome akwai. Mutum ne mai fara'a, ba ya zagi, ba ya duka. In shekara ta yi wa mutum tsanani, sai Jatau ya je har gida ya ce, "Me zai sa ka wahala? Sayar mini da gonar, ka zo ka yi mini aiki a cikinta, kullum da ladanka." Wannan ya sayar, wancan ya sayar. Kafin shekara bakwai, in ka tsaya a ƙofar gari ka miƙa hannu ko'ina, gonar Jatau kake nunawa. Waɗanda suka gaji gonakin su ne 'yan ƙwadagonsa.

Wata rana bayan an cire gyaɗa, Jatau ya bi ta gonarsa ya tarar da mata sun durƙusa suna tono. Ya tsaya ya dubi ƙoren da ke gabansu, ya ce, "Wannan duk daga gonata?" Aka ce masa ai kala ne, haka ake yi. Ya ce, "Haka ake yi lokacin da gonar ba ta da mai ita." Daga shekarar nan ya sa 'yan ƙwadago su bi gona sau biyu, su tankaɗe ƙasa da hannu. Ya kewaye da ƙaya. Kuma ku lura, bai saci kome ba. Da kuɗinsa ya saya, da shaidu. Ko gaban alƙali aka je shi ke da gaskiya.

Gona ɗaya ta rage a garin da ake kafa kara, ta Nomau. 'Yar gona ce da mutum zai zagaye bai gaji ba, amma matan gari duka nan suke taruwa. Kowace ta samu cikin tafi biyu, ta ce an gode Allah.

Sai shekarar gwaji ta zo. Ku saurara da kyau a nan, don wanda bai taɓa riƙe garma ba ba zai gane ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗa ta yi 'ya'ya amma ƙasa ta bushe ta yi tauri kamar daɓe. In ƙasa na da laushi, ka ɗaga gindi gyaɗa ta biyo shi, kaɗan ke ragewa. In ta yi tauri, ka ɗaga sai ganye ya zo hannunka, 'ya'yan su tsinke su zauna a ƙasa. Nomau ya bi gonarsa sau ɗaya kamar kullum. Da ya tara, abin da ya samu bai kai rabin na bara ba. Sauran duk yana ƙasa. Ka ga ke nan a shekarar, kala ya fi girbi.

Ladingo ta dubi tarin, ta dubi mijinta, ta ce, "Malam, gobe ka koma."

Ya ce, "In koma ina?"

Ta ce, "Gona mana. Kada ka yi mini kamar ba ka gane ba. Wannan ba kala ba ne, abincin 'ya'yanka ne ƙasa ta riƙe. Ka'idar nan don shekarar arziki aka yi ta."

Ya ce, "To su masu kala, don wace shekara aka yi su?"

Ta ce, "Ni ban haifi masu kala ba, huɗun nan na haifa."

Kada wata a cikinku ta zagi Ladingo. Da ni ce, abin da zan faɗa ke nan, har in ƙara.

Da la'asar sai ga Jatau a kan doki. Ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma. Ya ce, "Nomau, na san halin da kake ciki. Na kuma san kai mutum ne mai riƙo da al'ada, ba za ka so a ce ka tona sau biyu ba. To ga mafita. Sayar mini da abin da ke cikin ƙasar, yarana su tona. Kai hannunka bai taɓa ba, ga dawa dami goma. Ko kuwa ka sayar da gonar gaba ɗaya ka huta."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ban iya sayar da abin da ba nawa ba."

Jatau ya yi dariya ya ce, "Na wa ne? Kawo mai shi mu yi ciniki."

Nomau ya ce, "Suna da yawa, kuma ban san sunansu ba. Ba na tsayawa in gani."

Jatau ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce, "Za ka neme ni kafin bazara." Ya hau dokinsa.

To kada ku ɗauka Nomau mala'ika ne. Mutum ne mai ciki. Maganar Ladingo ta kwana tana cinsa. Da gari ya waye, ya saɓi garma ya kama hanyar gona, kuma niyyarsa ya tona. Wallahi niyyarsa ya tona. Yana isa sai ya tarar da wata tsohuwa, Gwamma, zaune a kan iyakar gona, ƙwarya a cinya. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, jikoki biyu take riƙo. Ƙafarta ko taki ɗaya ba ta shiga gonar ba, don ba a kafa kara ba. Gyaɗa na nan gabanta, tana iya miƙa hannu ta tona, babu mai gani. Ta zauna tana jira.

Ta ce, "Barka da asuba, Nomau. An tashi lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, Inna. Tun yaushe kike nan?"

Ta ce, "Ban daɗe ba." Alhali raɓa ta jiƙe mata zane sharkaf. Ta dubi garmar da ke kafaɗarsa, ta kau da kai, ta ce, "Ashe ba ka gama ba. Bari in tafi, na dawo wata rana. Shekarar ta yi wa kowa wuya, ba mai ganin laifinka." Ta dafa ƙasa za ta tashi.

Nomau ya ce, "Zauna, Inna. Na gama. Garmar ce ƙotarta ta yi sako-sako, zan kai maƙera."

Ya sauke garma, ya karyo kara, ya ɗaura harawa, ya kafa. Ya juya ya kama hanyar maƙera da garmar da ba abin da ya same ta, bai waiwaya ba.

Kuna jira in ce da ya koma gida ya tarar da tukunyar zinariya? Bai tarar ba. Ladingo ya tarar, kuma kwana uku ba ta yi masa magana ba. Akuya ta tafi, ta biyun ta bi ta. Kafin bazara suka cinye har iri. Maganar Jatau ta tabbata, Nomau ya neme shi, ya yi masa ƙwadagon sharar gona, 'yan uwansa 'yan ƙwadago na yi masa tsiya, "Ga sarkin kyauta ya zo neman na koko!" Shi dai ya sunkuya ya yi aikinsa. Gonar ce kawai ya ƙi sayarwa.

Yanzu ku dubi ɓangaren Jatau. Rumbunansa sun cika har ya gina sababbi. Amma a kasuwa wani abu ya fara faruwa da bai lura ba. Matan nan da yake kora, su ne masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. In sun sayar, rumfarsa suke zuwa su sayi gishiri da kanwa da ɗan kallabi. Mai tukwane daga gare su yake ci, mai itace haka, mahauci haka. Da kala ya tsaya, tuya ta tsaya. Da tuya ta tsaya, mai tukwane ya kwashe ya bar gari. Mahauci ya koma yanka sau ɗaya a mako, daga baya ya bari. Jatau ya zauna a rumfa, zannuwa na shan ƙura, yana cewa mutanen garin nan ba su san kaya ba. Sun san kaya. Abin saye ne babu, ya kwashe shi ya zuba a rumbu.

Sai samari suka ce, in dai ƙwadago ne, gara a yi shi inda lada ya fi. Mutum ba ya zama gari don ƙasar wani. Suka fara tafiya, biyu-biyu, uku-uku, daga baya da matansu da tabarminsu.

Da ruwan farko ya sauka, Nomau na zaune a ƙofar gida ba shi da ƙwaya ɗaya ta shuka. Sai ga Gwamma da ɗan ƙunshi a bakin zane. Ta ajiye ta ce, "Wannan ta ƙi soyuwa, na ce bari in kawo maka ko ƙasa za ta karɓa." Ta wuce. Can sai ga wata, ta ajiye nata. Can sai ga wata. Babu wadda ta zauna, babu wadda ta jira godiya. Ashe kowace, duk yunwar da aka sha, ta ware cikin tafi ɗaya ta ɓoye. Ba don tausayinsa kaɗai ba, kada mu yi wa kanmu ƙarya. Sun san in gonar nan ba ta tsira ba, su ma sun ƙare. Ladingo ta dubi tarin, ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta ce, "To tashi mana, ko sai ƙasar ta bushe?"

Damina ta yi kyau a shekarar. Gyaɗar Jatau ta yi 'ya'ya yadda ba a taɓa gani ba, gona har inda ido ya tsaya. Lokacin cira ya yi, ya aika a kira 'yan ƙwadago, aka samu mutum tara. Ya ninka lada, mutum taran nan dai. Ruwan ƙarshe ya sauka a kanta, ta tsiro a cikin ƙasa, ta ruɓe. Mutumin da ya hana cikin ƙwarya, ya bar wa gara gari guda.

Bai tuba ba, kada ku sa rai. Ya ɗaure kayansa a raƙuma ya nufi wani garin da bai san shi ba tukuna. Nomau kuma bai yi arziki ba. Da gona ɗaya ya mutu. Amma kakata ta ce duk garin ya zama kufai sai unguwar da ke kewaye da gonarsa, nan ne hayaƙi bai daina tashi ba.

Ni na ga ƙarshen irin wannan zamanin da idona, shi ya sa abin ke ci mini rai. Ina 'yar yarinya, innata kan tashe ni mu tafi, mu tarar da mata jere a bakin gona ana ta tsiya da dariya, ana jiran kara. Ƙasa da sanyinta, ka tura yatsa ka ji gyaɗa ta taɓa ka. Ka fasa ɗanya ka ci, zaƙinta har kunne. Da yamma unguwa duka ƙamshin tuya, har kare ya san kaka ta yi. Kowace gona da sunanta, gonar Baba Cindo, gonar 'yan Maƙera, gonar gindin ɗorawa. Matalauta ne mu, ban ce ba. Amma ba a taɓa tsayar da ni a ƙofa an tambaye ni wa ya ba ni izini ba. Yau ɗorawar ma an tumɓuke ta don inji ya samu hanya. In na rufe ido ina iya bin gonakin nan ɗaya bayan ɗaya, in na buɗe sai waya.

Ina ji a rediyo masu ilimi na gardama, wai wannan tsari na mai kuɗi ya ƙara kuɗi, jari-hujja suke ce masa, ko zai ɗore ko ba zai ɗore ba. Su yi ta yi. Ni ga abin da na sani, kuma shi ne darasin labarin nan. Ba laifi mutum ya yi arziki. A da ma akwai masu shi, muna yi musu fatan ƙari. Amma dukiyar da ba ta barin kome a ƙasa, kanta take ci. Wanda ka kwashe wa kome yau, shi ne mai sayen kayanka gobe, shi ne mai cire maka gyaɗa jibi. In ya tafi, da wa za ka yi kasuwar? Alhaji, injinka ne zai sayi man gyaɗar da kamfaninka ke matsewa? Ku je kasuwarmu ranar Laraba ku ƙirga rumfunan da ke buɗe. Ku ƙirga samarin da suka rage a unguwar nan.

Ku ma da kuke saurare kuna gyaɗa kai, ba ku fita ba. Kai mai 'yar gona, bara na gan ka ka sa matarka ta bi bayanka tana tsincewa. Ke mai awo, kin daina gyara ko na ƙwaya biyar. Kowa ya koyi halin babba a ƙaramin wurinsa. Duk wanda Allah ya ba abin da ya kai a tona, ya tona sau ɗaya ya ɗauke idonsa.

Kai kuma Alhaji, kada ka aiko mini da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto, ba bara na zo ba. Akwai abin da ban so in faɗa a bainar jama'a ba, amma ka ƙure ni. Shekarar da mahaifinka ya rasu, kana goye, ni da mahaifiyarka Kubura, Allah ya ji ƙanta, kafaɗa da kafaɗa muka yi kala a gonar gindin ɗorawa. In ka yi kuka ta juyo da kai ta ba ka nono, hannunta ɗaya na cikin ƙasa. Ƙuli-ƙulin nan shi ya saya maka allo, shi ya saya maka wandon farko. Da mai gonar ya sa ƙofar ƙarfe a shekarar nan, da ban san wanda zai saye gonakin gabas yau ba, amma ba kai ba ne.

Mu talatin da ɗaya ne, na ƙirga, kuma yawancinmu ba mu da wani abin da za mu ci da rani. Na ji ranar Asabar injinka zai shiga ya kife ƙasar don noman rani. Saboda haka ranar Juma'a in an sallame, zan tsaya a ƙofar masallaci ta gabas, inda kake ajiye mota. Ba yaronka nake so ba, ba takarda nake so ba. Ka fito da kanka, a gaban Liman da mai unguwa, ka dubi idona ka faɗa wa garin nan ko Kubura sata ta yi. In ka ce sata ta yi, mu ma ɓarayi ne, ka kife gonarka. In ba za ka iya faɗa ba, to ka amsa mini da wane dalili ka rufe ƙofar.